Ƙorafin Masu Jif: Darussan Kimiyya Daga Jikin Motar Ford Explorer

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa duk wanda ya tashi sayen mota, abin da yakan fara tambaya shi ne lafiyar inji da giya da birki. Gangar jikin motar kuwa, wato bodi da fenti da 'yan robobin da aka maƙala mata a waje, galibi akan ɗauke su a matsayin kayan ƙawa kawai, waɗanda lalacewarsu ba ta wuce ɓacin ran mai ita ba. Amma abubuwan da suka faru a ƙasar Amurka tsakanin 2002 da 2024 sun nuna cewa wannan tunani yana da gyara. A watan Janairu na 2024, kamfanin Ford ya yi wa motoci kusan miliyan 1.9 kiranye, ba don matsalar inji ko birki ba, sai don wata siririyar roba da ke gefen gilashin gaba. Tushen wannan kiranye kuwa ƙorafe-ƙorafe ne na masu motocin, waɗanda aka riƙa tarawa ɗaya bayan ɗaya har suka zama hujja.

Motar da ake magana a kanta ita ce Ford Explorer, ɗaya daga cikin manyan motocin nan masu tsayi daga ƙasa, waɗanda aka fi sani da suna jif. An fara sayar da ita a 1990, ta kuma shiga sahun jif-jif ɗin da suka fi kasuwa a Amurka. Wannan maƙala za ta bi diddigin ƙorafe-ƙorafe uku da aka yi a kan jikinta, da wani guda da ya shafi kamfanin Toyota, ta kuma fayyace dalilansu ta fuskar kimiyya, domin kuwa kowannensu darasi ne daga cikin waɗanda ake koyarwa a ajin Fiziks da na Kemistiri a makarantun sakandare.

Inda Ƙorafi Yake Zuwa

A 1965 wani lauya mai suna Ralph Nader ya wallafa littafi wanda a cikinsa ya zargi kamfanonin mota na Amurka da fifita ado a kan tsaron rayukan jama'a. Littafin ya tayar da ƙura ƙwarai, kuma a 1966 aka kafa dokar da ta bai wa gwamnati ikon sa ido a kan yadda ake ƙera motoci. A 1970 aka kafa hukumar kula da lafiyar zirga-zirga a manyan hanyoyi, wadda ake taƙaita sunanta da NHTSA. Duk mai motar da ya ga wani lahani yana iya aika wa wannan hukuma ƙorafinsa ta waya ko ta intanet, ya faɗi sunan motar da shekarar ƙirarta da tsawon tafiyar da ta yi da kuma abin da ya faru.

Ƙorafin mutum ɗaya labari ne kawai, yana iya zama sakaci ne nasa ko kuwa tsautsayi. Amma idan mutane ɗari da ba su san juna ba, mazauna garuruwa daban-daban, suka kawo kuka iri ɗaya a kan mota iri ɗaya, to magana ta tashi daga labari ta koma ƙididdiga. Da yayyafi kogi kan cika. A nan ne injiniyoyin hukumar sukan buɗe bincike, su nemi kamfani ya miƙa nasa bayanan. In aka tabbatar lahanin yana iya jawo haɗari, wajibi ne kamfanin ya aika wa kowane mai mota wasiƙa, ya kuma gyara kyauta. Wannan shi ake nufi da kiranye. In kuwa lahanin na ado ne kawai, doka ba ta tilasta kiranye ba, sai mai mota ya dogara ga garanti ko ya garzaya kotu.

Ita kanta Explorer tana da hannu wajen ƙarfafa wannan tsari. A watan Agusta na 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, waɗanda akasarinsu a kan Explorer aka ɗaura su, saboda bayansu yana ɓarewa ana cikin gudu, motar ta kife. Hukumar ta danganta mutuwar mutane 271 da waɗannan tayoyi. Abin da ya fi fusata 'yan majalisa shi ne, tun a 1999 Ford ya fara sauya irin tayoyin a Saudiyya ba tare da an sanar da hukumomin Amurka ba. Saboda haka kafin ƙarshen 2000 aka yi sabuwar doka da ta tilasta wa kamfanoni su riƙa miƙa wa hukumar rahoton ƙorafe-ƙorafe da haɗurran da suka samu labari, a cikin gida da waje.

Robar da Iska Take Fizgewa

A kowace mota akwai ginshiƙai biyu, hagu da dama, waɗanda suke riƙe da gilashin gaba tun daga bonet har zuwa rufi. A Explorer ƙirar 2011 zuwa 2019 an lulluɓe kowane ginshiƙi da baƙar roba mai sheƙi, domin gilashin gaba da na gefe su zama kamar a haɗe suke. Wasu 'yan maƙalai na roba ne suke riƙe da ita. Idan maƙalan ba su shiga gurbinsu sosai ba, ko tun daga masana'anta, ko lokacin da aka cire robar don sauya gilashi, sai ta fara motsi, ta riƙa ƙara ko fito idan ana gudu, wata rana kuma ta yi sama.

A farkon 2023 hukumar ta buɗe bincike bayan ta karɓi ƙorafi 164. Daga cikin masu ƙorafin har akwai waɗanda suka ce robar ta daki gilashin motar da ke biye da su, direbanta ya firgita, motar ta ƙwace masa na ɗan lokaci. Da farko kamfanin bai ga dalilin kiranye ba, yana mai cewa robar ba ta da nauyi. Amma hukumar ta tsaya a kan cewa abu ne mai haɗari ga sauran masu amfani da hanya. Da aka zo kiranyen na 2024, bayanan kamfanin sun nuna cewa yana da labarin ƙorafi 568 da kuma rahotannin gyaran garanti fiye da 14,000, kodayake ya ce ba shi da labarin wani haɗari ko rauni da robar ta jawo. Ya kuma ƙiyasta cewa kashi 5 cikin 100 na motocin ne suke da lahanin. Ɗalibin lissafi zai iya bugawa da kansa: kashi 5 cikin 100 na miliyan 1.9 ya kama mota 95,000. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a 2021 an yi wa Explorer fiye da 600,000 ƙirar 2016 zuwa 2019 kiranye saboda murfin sandunan ɗaure kaya na saman rufi, wanda shi ma yake ɓallewa a kan hanya.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya iskar da ba a gani take iya ɓamɓare abin da aka maƙala a masana'anta? Amsar tana cikin wata ƙa'ida mai sauƙi: ƙarfin da iska take matsa abu da shi ba ya tafiya daidai da gudu, yana tafiya ne da gudu sau kansa. Wato idan mota ta ninka gudunta daga kilomita 50 zuwa 100 a awa ɗaya, ƙarfin iskar ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. Ga yadda ake lissafin. Iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta kimanin kilo 1.2 ne. Gudun kilomita 100 a awa daidai yake da kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A buga 28 sau 28, za a sami 784. A buga wannan da rabin 1.2, za a sami kimanin 470. Wannan shi ne matsin iskar da ma'aunin niyuton a kan kowace murabba'in mita, wato kwatankwacin nauyin kilo 47. Roba mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 10 za ta fuskanci kusan kilo 5 ke nan.

Bugu da ƙari, a daidai ginshiƙin gaba iska ba turawa take yi ba, ja take yi. Idan ta daki gilashin gaba, dole ta karya kwana ta bi gefen mota, kuma a wurin wannan kwana gudunta yakan ƙaru, matsinta ya ragu. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Daniel Bernoulli, shi ya bayyana wannan dangantaka tsakanin gudu da matsi a 1738. Saboda haka iskar da ke ƙarƙashin robar takan fi ta samanta matsi, sai ta riƙa ɗaga ta. Da zarar gefe ɗaya ya ɗan buɗe, iska ta sami ƙofar shiga, sauran maƙalan su ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan ne yake faruwa idan guguwar farkon damina ta yaye kwanon rufin gida: ba dannawa take yi ba, tsotse shi take yi zuwa sama, kuma daga inda ƙusa ta yi sako-sako take farawa.

Hujjar rashin nauyi kuwa ba ta isa kariya ba. Abu maras nauyi idan ya rabu da mota, iska takan rage masa gudu nan take, sai motar baya ta cim masa da kusan dukkan gudunta. Direba yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ya taka birki, kuma a cikin wannan daƙiƙa motarsa ta riga ta ci mita 28. Wani bincike da gidauniyar ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar a 2016 ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen da ke kan hanya ya jawo haɗurra fiye da 200,000 da mutuwar mutane fiye da 500. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu, direba ne ya karkatar da sitiyari don kauce wa abin da ya gani. Ashe dai allura ma ƙarfe ce.

Tsagar Ƙofar Baya

Ƙorafi na biyu ya shafi Explorer ƙirar 2002 zuwa 2005. A ƙofar baya, ƙasa da gilashi, akwai wani faifan roba mai launin motar, wanda aka liƙa da gam, kuma a tsakiyarsa tambarin kamfani yake. Dubban masu motar sun wayi gari sun tarar faifan ya tsage daga sama zuwa ƙasa, kusan kullum a kusa da tambarin, ba tare da wani abu ya buge shi ba. Wasu an sauya musu, sabon ma ya sake tsagewa. A 2011 aka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Kalifoniya, inda masu ƙara suka ce ruwa yana bi ta tsagar ya lalata abubuwan da ke ciki, kamfanin kuwa ya tsaya a kan cewa lahanin na ado ne.

Irin wannan tsagewa tana da bayani a darasin zafi. Kusan kowane abu yakan miƙe idan ya ɗumama, ya tsuke idan ya huce, sai dai kowanne da nasa gwargwado. Idan zafi ya sauya da digiri 60 a ma'aunin Santigired, gilashi mai tsawon mita ɗaya zai sauya da kimanin rabin milimita, ƙarfe da kusan milimita 0.7, alminiyum da kimanin milimita 1.4, amma irin robar da ake yin kayan mota da ita tana iya kaiwa milimita 4 zuwa 5. Sauyin digiri 60 kuwa ba abin mamaki ba ne a arewacin Amurka, inda jikin mota yakan yi zafi ƙwarai a ranar bazara, sa'an nan a lokacin hunturu sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Idan aka liƙa abubuwa biyu masu bambancin miƙewa, ɗaya yana son tsukewa, ɗayan ya hana shi, to dole wahalar ta taru a wani wuri. Takan taru ne a inda aka huda ko aka yi lungu, kamar gurbin tambari, kamar dai yadda leda ba ta yaguwa da sauƙi sai an ɗan tsaga bakinta. Wannan ne ya sa injiniyoyi suke barin 'yar tazara a gadoji da tsakanin ƙarafan titin jirgin ƙasa.

Ruwa ma yana da nasa rabo. Shi ruwa idan ya daskare ba tsukewa yake yi ba, ƙaruwa yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100. Ɗigon da ya maƙale a bayan faifai da yamma, idan ya zama ƙanƙara da dare, sai ya zama kamar tsinken da aka cusa ana buɗa tsagar.

Fenti Mai Kumbura

Ƙorafi na uku shi ne na fentin bonet, wanda yakan yi ƙuraje a bakinsa na gaba, ya kumbura, daga baya ya ɓare ya bar farin gari. Kafin a fahimci dalili, ya kamata a san cewa fentin mota ba shafi ɗaya ba ne. Da farko akan wanke gangar jikin a jiƙa ta da sinadarin da zai sa fenti ya kama. Sa'an nan a tsoma ta gaba ɗaya cikin wani babban kwarmi na fenti, a saka wutar lantarki, wutar ta ja fentin ya shiga kowane lungu. Shi kansa kamfanin Ford yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabara a farkon shekarun 1960. Bayan wannan sai shafin share fage, sai na launi, sai kuma wani garai-garai mai sheƙi wanda yake tare ɓoyayyen hasken rana mai cin launi. Duk waɗannan idan an haɗa, kaurinsu bai fi na takardar littafin rubutu da yawa ba. Wannan 'yar fata ita ce kaɗai tsakanin ƙarfe da duniya.

Domin rage nauyi da shan mai, an yi bonet ɗin Explorer da alminiyum, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Alminiyum ba ya yin jar tsatsa, domin da zarar ya haɗu da iska yakan yi wa kansa wata siririyar fata mai ƙarfi da ke hana iskar ci gaba da cinsa. To, me ya kawo ƙurajen? A wata takardar bayani da kamfanin ya aika wa dilolinsa a 2004, ya bayyana cewa gwaji ya nuna ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne yake shiga jikin alminiyum kafin a yi masa fenti.

A nan ne Kemistiri ya shigo. Tun a 1800 Alessandro Volta na ƙasar Italiya ya nuna cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka sa ruwan gishiri a tsakaninsu, lantarki zai gudana. Wannan shi ne asalin batir. A cikin irin wannan haɗi, ƙarfen da ya fi saurin sakin ilaktiron ɗinsa shi ne yake narkewa. Tsakanin alminiyum da baƙin ƙarfe, alminiyum ne mai saurin saki. Saboda haka kowane ƙwayar ɓurɓushi da ta maƙale a bonet ta zama ɗan ƙaramin batir, tana jiran danshi kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: tsakuwa ta ɗan fasa fenti, ko danshi ya bi ta bakin da aka naɗe, sai batirin ya fara aiki. Farin garin da yake fitowa ya fi alminiyum ɗin da ya narke cin wuri, don haka yakan tura fenti sama, danshi ya ƙara kutsawa gaba. Irin wannan cuta ce ta kama mutum-mutumin 'yanci na birnin Niyok, wanda fatarsa ta jan ƙarfe ce, ƙashinsa kuwa baƙin ƙarfe. A can baƙin ƙarfen ne ya ci wuya, har aka sauya sandunansa a gyaran da aka yi tsakanin 1984 da 1986.

Abin da ya ƙara ɓata ran masu motocin shi ne sharaɗin garanti. Shekaru da yawa garantin tsatsa ba ya aiki sai tsatsar ta huda bodi ta fita. Alminiyum kuwa ba kasafai yake hujewa ba, sai dai ya zubar da fentinsa. Ga lahani a fili, ga takardar garanti a hannu, amma ɗaya bai taɓa ɗaya ba.

Gishirin Hanya da Ƙashin Bayan Mota

A jihohin arewacin Amurka, kamar Mishigan da Ohayo da Niyok, akan watsa gishiri a kan hanya lokacin hunturu, domin gishiri yana hana ruwa daskarewa da wuri. Abin da ƙasar take watsawa a shekara yakan kai kimanin tan miliyan 20. Wannan yana ceton rayuka daga santsi, amma mota ce take biyan kuɗin. Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe da iskar oksijin da ruwa. Gishiri ba ya cikin ukun, amma yana sa ruwa ya fi iya ɗaukar lantarki, sai aikin ya ninka sauri. Kuma ita jar tsatsa, saɓanin fatar alminiyum, sakayau take, tana shan ruwa tana ɓarewa, kullum tana buɗe sabon ƙarfe.

Jif-jif da yawa an ɗora jikinsu ne a kan shasi, wato doguwar firam ta ƙarfe wadda take zaman ƙashin bayan mota, inda inji da ƙafafu da tankin mai suke ɗaure. Idan ruwan gishiri ya kwanta a cikin ramukanta, yakan ci ta daga ciki, ta yadda fenti yana ƙyalli a sama alhali ƙasa ta ruɓe. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu a wata ƙara da ta shafi motoci kimanin miliyan 1.5, wato jif ɗin Sequoia ƙirar 2005 zuwa 2008 da a-kori-kura na Tacoma da Tundra. An ƙiyasta kuɗin sulhun zai iya kaiwa dala biliyan 3.4. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda zai riƙa duba firam ɗin har tsawon shekara 12 daga ranar da aka fara sayar da motar, ya kuma sauya wadda ta ruɓe. Maganin tsatsa da aka fi dogara da shi a masana'antu shi ne lulluɓe ƙarfe da tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin ilaktiron, don haka ita take narkewa ta fanshe shi. Ƙa'idar da ta ɓata bonet ita ce dai take kare kwano.

Abin da Ya Shafi Mai Sayen 'Yar Kwatano

Da yawa daga cikin jif-jif da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Amurka, aka shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome. Motar takan iso da tarihinta, amma wasiƙar kiranye ba ta biyo ta, domin adireshin mai ita na can ake aika wa. Saboda haka nauyin bincike yana wuyan mai saye.

Kowace motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta cikin gilashin gaba a ɓangaren direba. Ta farko tana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka ke nan, 2 Kanada, J kuwa Japan. Ta goma tana nuna shekarar ƙira. Duk wanda ya shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA zai ga ko akwai kiranyen da ba a yi gyaransa ba, kuma kyauta ne. Bayan wannan, ya kamata mai saye ya leƙa ƙarƙashin mota da tocila, ya ƙwanƙwasa firam da guduma, ya kuma yi hattara da sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota. Ya taɓa robobin waje ya ji ko suna motsi. Mayen ƙarfe yana taimakawa wajen gano inda mai gyaran bodi ya cike lotsa, domin ba ya kamawa sosai a wurin, sai dai a tuna cewa ba ya kama alminiyum ko da lafiyarsa ƙalau.

Busasshiyar iskar Arewa tana rage saurin tsatsa, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Nan kuma rana da ƙura ne abokan gaba. Rana tana busar da roba ta sa ta yi saurin karyewa, ƙurar hunturu kuwa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri, don haka goge mota da busasshen tsumma daidai yake da goge ta da sanfefa. Masu gyaran bodi su ma akwai abin lura gare su: burushin ƙarfe ko sanfefar da aka yi aikin baƙin ƙarfe da ita, idan aka ɗora ta a kan alminiyum, an shuka irin ƙurajen da aka bayyana a sama. A Nijeriya, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye a 2019, tana karɓar ƙorafi a kan kaya masu lahani.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai duk wannan da kayan da ba su da tsada. A samo kwalabe shida da ƙusoshi shida na baƙin ƙarfe, a goge su da sanfefa har su yi haske. A ta farko a sa ƙusa cikin ruwan famfo, a bar kanta a waje. A ta biyu a yi haka da ruwan gishiri. A ta uku a nutsar da ƙusa cikin ruwan da aka tafasa, a zuba man gyaɗa a sama don ya tare iska. A ta huɗu a sa ƙusa cikin busasshiyar kwalba a toshe. A ta biyar a naɗe ƙusa tamau da wayar jan ƙarfe a sa cikin ruwan gishiri. A ta shida a naɗe ta da yankin gwangwanin lemo na alminiyum wanda aka kankare, ita ma cikin ruwan gishiri. Ɗalibai su rubuta hasashensu tun ranar farko, su riƙa duba kwalaben kullum har mako ɗaya. Za a ga ta uku da ta huɗu kusan ba su sauya ba, ta biyar ta yi tsatsa da wuri, ta shida kuwa ƙusarta ta sami sauƙi, alminiyum ɗin ne yake fitar da farin abu. Kwalba ta shida ita ce bonet ɗin Explorer a taƙaice.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa iyakar da ke tsakanin lahanin ado da lahanin haɗari siririya ce, kuma ƙididdiga ce take nuna inda take. Mutanen nan 164 da suka rubuta ƙorafi ba injiniyoyi ba ne, amma sun yi abin da kowane mai binciken kimiyya yake fara yi: sun lura, sun rubuta abin da suka gani da lokacinsa da yanayinsa, sun kai shi inda za a haɗa shi da na wasu. Da kowannensu ya sayi sabuwar roba ya yi shiru, da motoci dubu casa'in da biyar sun ci gaba da yawo da abin da zai iya faɗa wa na baya. Ɗalibin da zai zama injiniya gobe ya riƙe cewa ɗan maƙalin roba da ƙwayar ɓurɓushi suna bin dokokin da gada da jirgin sama suke bi. Wanda kuma zai zama mai mota ya saba da ajiye rasit da rubuta ranar da matsala ta fara, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.